Katin da ya san jiki, bai san kunne ba

Shekara uku muka yi muna gulmar kawuna kafin mu gane cewa ba ya ji. Ban faɗi wannan da alfahari ba. Mutum ne da ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana fataucin goro a Kumasi, wanda a da in ya zauna ƙofar gida bayan la'asar sai tabarma ta yi kaɗan, don bakinsa ba ya rabo da labarin Salaga da Legas da Kano. Sai aka wayi gari ana yi masa sallama yana wucewa. Aka ce girman kai ne, tunda ya je Makka sau biyu. Ya fara amsa tambayar da ba a yi masa ba, ana dariya, shi ma yana tayawa don kada a gane. Aka ce gigin tsufa ne. Daga baya ya daina fitowa majalisa gaba ɗaya, ya koma ɗaki da carbinsa, muka ce ai Alhaji ya kama shirin lahira. Matarsa kaɗai ta san gaskiya, ita kuma ta rufa masa asiri, domin a wurinmu a kira dattijo kurma zagi ne.

Ranar da asirin ya tonu, wani mai saye ne ya yi tayin talatin, Kawu ya ji tamanin, ya ce ya sallama. Da aka zo biya rigima ta kaure, har aka ƙaryata shi a gaban yaransa na kasuwa. A daren nan ya aika aka kira ni, ya ce, “Kai ne ɗan boko. Ka kai ni a duba mini kunnen nan.”

Muka tafi da katinsa na inshorar lafiya, wanda kowa a Ghana ya sani da NHIS. Ya haura saba'in, saboda haka ba ya biyan kuɗin shekara. Katin ya yi aikinsa har zuwa wani wuri: likita ya gan shi, aka leƙa kunne, aka ce ba datti ba ne. Aka tura mu wani ɗaki mai kaurin bango, aka ɗora masa abin sauraro a kai, ana sakin ƙara, yana ɗaga hannu in ya ji. Matar da ta yi gwajin ta nuna mini takarda mai layi biyu da suka gangara kamar hanyar rafi. Ta ce jin ya lalace ne daga can ciki, a kunnuwa biyu, ba ƙwaya ba allura, amma na'urar ji za ta dawo masa da yawancin magana. Ta faɗi kuɗin. Sannan ta ƙara, da muryar wadda ta saba faɗin abu ɗaya sau goma a rana, cewa wannan ba ya cikin kati. Kawu yana kallon bakina yana jiran fassara. Na ce, “Kawu, sun ce akwai abin da za a sa maka.” Sauran maganar na riƙe ta sai da muka fito bakin titi.

Matar ba ta yi ƙarya ba, kuma ba laifinta ba ne. An kafa inshorar lafiya ta Ghana da dokar 2003, aka sabunta ta a 2012, kuma tun farko an haɗa ta da jerin abubuwan da ba za ta biya ba. Na'urar ji tana cikin jerin, tare da tabarau da haƙoran roba da ƙafar roba. Ku dubi maƙwabtanta a takardar: tiyatar ƙarin kyau, ɗakin kwanciyar manya a asibiti, gwajin lafiya don neman biza. Wato wanda ya tsara jerin ya ɗora jin kiran salla da jin kukan jariri a faifai ɗaya da gyaran hanci. Har yau ana tinƙaho cewa tsarin ya ƙunshi kashi 95 cikin ɗari na cututtukan da ke damun mutanen ƙasar. Ba na musu. Amma kowa yana biyan harajin nan na kashi biyu da rabi da ake ɗorawa kan kaya don inshorar, mai ji da marar ji, kuma ba a taɓa cewa Kawu ya biya rabi saboda kunnensa ba ya cikin lissafi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne akwai wata dokar, ta naƙasassu, ta 2006, wadda ta ɗora wa Ma'aikatar Lafiya tanadin magani da kayan taimako kyauta ga mai cikakkiyar naƙasa. Doka ɗaya ta yi alkawari da hannun dama, ɗaya ta janye da hannun hagu, talaka kuma yana tsakiya riƙe da takardar gwaji. Su kuwa irin Kawu, waɗanda jinsu ya ragu bai ƙare ba, ko alkawarin ma bai ambace su ba, alhali su ne na'urar ta fi yi wa amfani.

Wannan rainin da ake yi wa kunne ba a Ghana aka ƙirƙiro shi ba. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi ma ta yi shi, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk hujjar da za a kawo mana an riga an gwada ta can. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffin Amurka, kuma a cikin dokar aka rubuta ƙarara cewa ba za ta biya na'urar ji ba, ba kuma gwajin da ake yi don sa ta. A lokacin ana ganin raunin ji wani abu ne da ke zuwa da furfura, sai haƙuri. Shekara hamsin bayan haka, a 2015, kwamitin masu ba shugaban ƙasa shawara kan kimiyya ya bayyana cewa matsakaicin farashin na'ura ɗaya ya haura dala 2,300, kuma yawancin mutane biyu suke bukata. Tsoho mai cin fansho ya duba aljihu ya haƙura, kamar yadda namu ke haƙura.

Me 'yan majalisarsu suka yi? Suka bi hanya mai sauƙi. A 2017 Sanata Elizabeth Warren da Sanata Chuck Grassley, waɗanda jam'iyyunsu ba sa ga maciji, suka haɗu kan dokar da ta halatta sayar da na'urar ji a kanti, ba sai da takardar likita ba. Shugaba Trump ya sa hannu. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta ja ƙafa, sai da Shugaba Biden ya tunzura ta a 2021, aka fitar da ƙa'idoji a watan Agusta na 2022, sayarwa ta fara a Oktoba. An samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Na'urorin 'yan ɗaruruwan daloli sun fito, kuma a 2024 aka amince wa kamfanin Apple ya mai da abin sauraronsa na AirPods Pro na'urar ji. To amma dokar da bakinta ta iyakance kanta ga wanda ya kai shekara 18, mai raunin ji kaɗan ko matsakaici. Yaro ba ya ciki. Wanda jinsa ya yi nisa ba ya ciki. Shi kuwa ƙoƙarin gyara ainihin ɓarakar, wato shigar da na'urar cikin Medicare, ya tsallake Majalisar Wakilai a Nuwamban 2021 cikin wani babban ƙuduri, ya je Majalisar Dattawa ya mutu a can. Jimlar 1965 tana nan daram. An yi wanka, an bar jirwaye a daidai inda ciwon yake.

Na kawo wannan ne saboda masu cewa a bar wa kasuwa. Ina da aboki mai wannan ra'ayi, ma'aikacin banki ne, ya ce mini, “Malam, wayar hannu ma da ta masu kuɗi ce, yanzu mai tallan koko na da ita. Ka ba abin lokaci.” Har ya nuna mini talla a wayarsa, wani ɗan abu mai kama da wake da ake cusawa a kunne, kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Mun sayo wa Kawu irinsa tun kafin mu je asibiti. Kwana biyu ya yi da shi ya jefa cikin aljihun tebur, ya ce duk garin ya koma injin niƙa.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda aka yi wa bayani. Raunin ji na tsufa ba ya rage sauti bai ɗaya kamar an murɗa rediyo ƙasa. Siraran sautuka yake fara ɗaukewa, irin su s da sh da f da ts, ya bar masu kauri. Shi ya sa tsoho zai ce maka yana jin muryarka amma ba ya gane maganar, shi ya sa kuma ɗaga masa murya ba ya ƙara komai sai ɓacin rai. Abin da ake tallatawa a waya lasifika ce ƙarama: tana ɗaga komai tare, ƙarar babur da kukan akuya da maganar jika, kuma in ƙarar ta yi yawa tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Na'urar gaske ana saita ta ne da kwamfuta bisa layukan nan na takardar gwaji, ta ƙara inda aka rasa, ta bar inda ke da lafiya, ta danne ƙarar da za ta cutar. Sai an koma an gyara saitin bayan makonni, domin ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru cikin shiru sai ta sake koyo. Tana cin batir duk bayan kwanaki. Gumi da ƙurar hunturu suna toshe ta. In yaro ne, kunnensa na girma, dole a riƙa sake robar da ke zama a ramin kunnen, kuma shi ba zai iya cewa ta yi ƙara ko ta mutu ba. Wayar hannu kana saye ka tafi. Wannan kuwa rabinta na'ura ce, rabinta mutumin da ya iya saita ta, kuma kasuwa ba ta taɓa kai irin wannan mutumin ƙauyen da ba mai iya biyansa ba.

Sannan kasuwar kanta ba irin ta Kejetia ba ce, inda in wannan ya ƙi sallamawa ka matsa rumfa ta gaba. Kamfanoni biyar ne ke riƙe da kusan duk cinikin na'urar ji a duniya: Sonova na Suwizalan, Demant da GN da WS Audiology masu tushe a Denmak, da Starkey na Amurka. Yawancin sunayen da ka gani a kwali, in ka bi salsala, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ne. Tsoho ɗaya da takardar gwaji a hannu ba shi da bakin ciniki da su. Mai bakin ciniki shi ne wanda ya zo sayen dubu ɗari.

Ingila ta gane haka tun 1948, shekarar da ta kafa hukumar lafiyarta ta ƙasa. Ƙasa ce da ta fito daga yaƙi, ana rabon abinci da kati, bashi ya kai mata wuya, amma ta sa aka ƙera na'urar ji mai suna Medresco tana bayarwa kyauta. Har gobe a can ana ba da na'ura da batir da gyara ba a karɓar ko kwabo, kuma hukumar na sayen ta da araha ƙwarai saboda ita ce babbar mai saye. Faransa ta daɗe tana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ta canza. Daga 1 ga Janairun 2021 doka ta ware rukunin na'urori da aka ƙayyade farashinsu, kada ya wuce yuro 950 kowane kunne ga babba, inshorar gwamnati da ta ƙari su biya duka, mai kunne bai cire komai daga aljihu ba. Dole mai shago ya nuna maka wannan rukunin, a ba ka wata guda na gwaji, kuma bayan shekara huɗu kana da damar sabuwa. A shekarar farko masu sa na'ura suka ƙaru sosai, abin da ya nuna cewa da ma ba kunya ko taurin kai ne kaɗai ya hana mutane ba. Kuma don kada a ce na ɓoye, 'yan damfara ma sun shigo, aka riƙa tura wa inshora takardun na'urorin da ba a sa wa kowa ba, har sai da hukuma ta tsaurara bincike. Inda aka zuba hatsi kaji za su zo. Ba a daina shanya hatsi saboda haka, tsaro ake sawa.

Na san amsar da ke bakin mai karatu: wannan Turai ke nan, mu ina muka ga kuɗi? Wannan ita ce hujja mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Inshorar Ghana ta sha yin watanni ba ta biya asibitoci bashinsu ba. Zazzaɓin cizon sauro na kashe yara, mata na mutuwa wajen haihuwa. Wanda ke rabon kuɗin da bai isa ba dole ya fifita wani abu, kuma ba wanda rashin ji ya kai kabari kai tsaye.

Amma mu tambayi kanmu su wane ne kurame a cikinmu, kuma me ya kurmantar da su. A Turai yawanci tsufa ne. A nan kuwa, daga arewacin Ghana zuwa Nijar, arewacin Nijeriya, Chadi har Sudan, muna zaune ne a tsakiyar zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. Waɗanda suka mutu an ƙirga su. Waɗanda suka tashi ba sa ji fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, ɗaya na fita da tabo mai ɗorewa, kuma kurumta na kan gaba a cikin tabon. Ƙara da ƙyanda, da hangum, da shawarar jarirai da ba a kula ba, da kunnen yaro da ke zubar mugunya shekara da shekaru ana ɗiga masa man ja. Ƙara da allurai irin su gentamicin da streptomycin, masu ceton rai amma masu iya ƙone ji in an yi su barkatai, ga shi kuwa a unguwanninmu kowane mai kanti likita ne. Ƙara da yaron da ke wuni gaban injin niƙa, da makeri, da mai gadin janareto. Hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin ji a yara ana iya hana shi. Ma'ana, da yawa daga cikin yaran nan sakacin tsarin lafiyar ne ya taɓa musu kunne: rigakafin da bai iso ba, maganin da aka sayar ba ƙa'ida. Tsarin da ya ceci ran yaro daga sanƙarau, ya biya gado da ruwa da allura, sannan ya sallame shi cikin shiru ya ce saura ba ruwansa, ya yi aikin da bai gama ba.

Batun kuɗi ma a yi lissafin duka. Yaron da bai ji magana a shekarunsa na farko ba, bakinsa ba zai buɗe daidai ba, shi ya sa inda ake gwada jarirai ake son a gano matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. In an makara, sai a kai shi makaranta a ce daƙiƙi ne, a kai shi allo malam ya gaji da bulala, ƙarshe ya faɗa bara ko dako. Wa ya biya wannan? Gidansu, har ƙarshen rayuwarsa, sai dai ba a rubuta shi a kasafin kowace ma'aikata. Rahoton ji na duniya da aka fitar a Maris ɗin 2021 ya ƙiyasta asarar da raunin ji marar kulawa ke jawowa kusan dala biliyan 980 a shekara, ya kuma ce kowace dala ɗaya da aka zuba a kula da kunne tana dawo da kusan 16 cikin shekara goma. A 2024 ofishin hukumar na Afirka ya ce mutum miliyan 40 ne ke fama da raunin ji a yankin, kuma za su iya kai miliyan 54 kafin 2030. Su ma tsofaffin da muke cewa nasu ya ƙare, kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa raunin ji a sahun gaba na abubuwan da ke share wa cutar mantuwa hanya waɗanda kuma ake iya magancewa. Na tuna yadda muka yanke wa Kawu hukuncin gigin tsufa. Da mun ƙara barinsa shekara biyar a ɗakin nan, wa ya san ko hukuncin namu zai zama gaskiya.

Shi farashi kuma ba daga sama ya faɗo ba, kuma mu a yankin nan mun taɓa ganin an lanƙwasa shi. Bayan annobar 1996, da aka tashi neman rigakafin sanƙarau mai ɗorewa, jami'an lafiyar Afirka suka ce in allura ɗaya ta wuce rabin dala ba za su iya saye ba. Manyan kamfanoni suka noƙe. Aka nemi kamfanin Serum Institute na Indiya, aka yi yarjejeniya a kan farashin tun kafin a haɗa maganin. A Disamban 2010 aka fara yin MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ƙasa da rabin dala kowace allura, kuma nau'in sanƙarau da ya fi yi mana ɓarna ya kusa ɓacewa. Na'urar ji ba allura ba ce, ba za ta sauko rabin dala ba. Amma darasin ɗaya ne: mai saye da yawa, wanda ya faɗi abin da zai iya biya ya kuma tabbatar zai saya, shi ke yanka farashi. Muddin inshora ta ce ba ruwanta, to babu babban mai saye a ƙasar, sai ɗaiɗaikun tsofaffi da 'yan kasuwar da ke shigo da goma goma su ɗora ribar da suka ga dama. Ana cewa ba za a saka ta a inshora ba saboda tsada, alhali rashin saka tan na cikin abin da ya riƙe tsadar.

Kuma jerin nan ba saukakke ba ne. Wankin ƙoda yana cikinsa, amma a 2024 inshorar ta fara biya. Cutar dajin yara ba ta cikin abin da ake biya, aka shigar da nau'i huɗu. Na yi murna da duka biyun. Abin da suka nuna shi ne ana buɗe ƙofar in an buga ta da ƙarfi. Masu ciwon ƙoda sun fito a talabijin, 'yan jarida sun bi su, majalisa ta ji kunya. Mai raunin ji kuwa cutarsa ita ce ke janye shi daga taro. Ba ya zuwa gangami don ba zai ji abin da ake faɗa ba, ba ya bugo waya gidan rediyo. 'Yan majalisa ba sa ma bukatar yi masa kunnen uwar shegu, tunda ba ya magana.

A nan dole in juyo kanmu. Mu ne muke cewa kunne ya girmi kaka, mu ne muke cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, mu ne kuma muke mai da kurma abin dariya a wasan kwaikwayo. Mai tabarau muna ganinsa ɗan boko, mai na'ura a kunne muna nuna shi da baki. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu a Risala cewa wanda ya ɓata wa mutum jinsa, diyya cikakkiya ce a kansa, daidai da ta rai. Haka magabata suka kimanta kunne. Ban taɓa jin an ɗauki wannan babin a wa'azi an ce, to, ga dattawa a sahun gaba da ba su ji huɗubar nan ba, me za mu yi musu? Muna tara kuɗi mu sayi lasifika ta huɗu mu ɗora a hasumiya, wanda aka yi dominsa yana ƙarƙashinta bai ji ba.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Akwai waɗanda na'ura ba za ta yi musu komai ba, kuma ba su rasa harshe ba. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuramen Kano suna da tasu tun kafin zuwan boko, kuma a Ghana tun 1957 Andrew Foster, wani baƙar fatan Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Accra. Makarantun Savelugu da Wa suna bukatar malamai da kuɗi, asibitoci suna bukatar masu fassara da hannu. Neman na'ura ga mai sauran ji bai rage wa wannan haƙƙin komai ba, kuma duk ɗan siyasar da ya ce mu zaɓi ɗaya yana neman ya hana mu duka biyun ne.

Abin da nake nema a rubuta bai fi ƙarfin majalisa ba. A cire na'urar ji daga jerin abin da ba a biya. In ba za a iya ɗaukar kowa rana ɗaya ba, a fara da waɗanda dokar da kanta ta riga ta yafe wa kuɗin shekara, yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi daga 70, tunda an riga an yarda ba su da hali. Hukumar inshora ta yi sayen da kanta, a dunƙule, nau'i biyu ko uku masu ƙwari da ke jure gumi da ƙura, ta ƙayyade farashi kamar yadda Faransa ta yi. Kuma a rubuta batir da robar kunne da komawa saiti a cikin abin da ake biya, in ba haka ba za mu maimaita abin da masu agaji ke yi: su zo da kwalaye, a ɗauki hoto, bayan wata uku batir ya ƙare, na'ura ta koma aljihun tebur. Ƙwararrun ji ba su da yawa, yawancinsu suna Accra da Kumasi, don haka a koya wa ma'aikatan jinya na gunduma gwaji da saitin manya marasa rikitarwa, a bar wa ƙwararru yara da masu wuya. Mutumin Bawku bai kamata ya kwana a mota don a gaya masa abin da ba zai iya saye ba.

Mu dai mun yi karo-karo. Ɗansa da ke Jamus ya aiko, 'ya'yansa mata suka ɗauki adashi, na ƙara abin da na iya. Kuɗin ya isa kunne ɗaya, aka zaɓi na dama. Ranar da aka kunna, matar ta koma bayansa ta ce a hankali, “Baba, kana ji na?” Bai amsa mata ba. Ya juyo gare ni ya ce, “Ashe takalminka ƙara yake yi haka?” Ya koma majalisa, ko da yake yanzu shi ke zaɓen wurin zama, kowa sai ya koma damansa. Duk ranar Juma'a ni ke kawo batir.

A gidan da ke kallon nasa akwai yarinya 'yar shekara shida da zazzaɓi mai sanƙarar da wuya ya kwantar tana da shekara biyu. Ta warke, kati ya biya komai. Tana juyowa in an buga ƙofa da ƙarfi, alamar akwai sauran ji. Ubanta ɗinki yake yi, ba shi da ɗa a Jamus. An yi mata gwaji bara, takardar tana cikin leda a ƙarƙashin katifa, kuma a watan Satumba za a sa ta aji ɗaya.